Mutum ɗaya sau uku a zane guda, yaya ke nan?

Ɗan Tawa:
Salamu alaikum. Ɗiyata da ke lise nan Tawa ta zo mini da hoton wani zane a wayarta, na Piero di Cosimo, wanda ke gidan tarihin Uffizi a Filorans ta Italiya. Fersiyus ne ke ceton Andiromeda daga dodon teku. Bayan isha'i muka zauna kan tabarma muna buɗa hoton da yatsa. Ga mutum da takalmi masu fukafukai yana shawagi a sama, ga shi tsaye bisa bayan dodon da takobi, ga shi kuma can dama cikin masu biki. Ƴan uku ne? Ta tambaye ni, na yi shiru kamar ruwa ya cinye ni.

Malamin Zane, Yamai:
Wa alaikumus salam, Malam. Shi kaɗai ne. Zanen na wajen 1510 zuwa 1515 ne, kuma masu zanen can sukan zuba labari duka a allo ɗaya: ya iso, ya yi faɗa, an yi murna. Labarin daga mawaƙin Rum Ovid yake. Uwar yarinyar, Kasiyofiya, ta yi alfahari da kyau, aka ɗaure ɗiyar don dodon ya huce. A waƙar jikin dutse aka ɗaure ta, Piero ya mai da shi kututturen itace. Dubi hagu, masu kuka ne, har wasu sun rufe fuska.

Inna Mai Fura:
Ni Bayajida na tuno, da macijin rijiyar Kusugu a Daura. Baƙo ya zo, ya kashe, ya auri sarauta. Sai dai Daurama ba a ɗaure take ba, ita ke mulki. Amma Malam, ba an ce uban yarinyar sarkin Habasha ne ba? To ina ta samo wannan fari fat?

Malamin Zane, Yamai:
Hajiya, kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ovid ya ce da ba don iska na kaɗa gashinta da hawayen da ke zuba ba, da Fersiyus ya ɗauka gunkin marmara ce. Masu zane suka riƙe marmarar. Alhali a wasu waƙoƙinsa ya kira ta baƙa. Titian, wani mai zanen Italiya, shi ma a nasa zanen na 1550 da wani abu, fara ya yi ta.

Ɗan Tawa:
Na gode. Ɗiyata ta ce gobe zancen launin za ta kai wa malaminsu, na ce ta bi a hankali.