Shigar samarin shekarun 1970: ta ina ake farawa?

Ɗan Gayu:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sanin ɗinki da yadi. So nake in haɗa shiga irin ta samari da 'yan matan shekarun 1970, wadda ake gani a tsofaffin hotunan Amurka da Ingila: wando mai faɗin ƙafa, riga mai doguwar kwala, takalmi mai tudu da tarin suma. Wadda za a sa a fita ba tare da an zama abin kallo ba nake nufi, ba ta wasan kwaikwayo ba. Wandon tela zan ba ya ɗinka sabo, ko jins ɗin da ake da shi za a iya buɗe wa ƙafa? Faɗin ƙafar inci nawa ne daidai? Kuma wane yadi ya dace?

Mai Almakashi:

Wa alaikumus salam, ƙanina. Ka fara da wando, domin shi ke ɗauke da shigar gaba ɗaya. In ya fita, riga ko wace iri ce za ta bi shi. In bai fita ba, ko me ka ɗora a kai aikin banza ne.

Kafin awo, ka tsayar da shekarun da kake nufi. Wandon ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970 a ƙasan cibiya yake zama, kan ƙashin ƙugu, da faffaɗan bel. Daga tsakiyar shekarun 1970 ƙugun ya hau sama har cibiya. Na biyun ya fi sauƙin sawa, ya kuma fi tsawaita ƙafa a ido. Don haka ka ce wa tela daga tsakiyar cinyoyi zuwa bakin ƙugu ta gaba ya ba ka inci 11 zuwa 12.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a faɗaɗa wandon tun daga cinya. Wannan buje ke nan, ba wandon 1970 ba. Na lokacin yana kama ɗuwawu da cinya, ya tsuke a gwiwa, daga nan ya buɗe kamar ƙararrawa. Wurin da ya fi tsukewa ya zama inci 1 ko 2 sama da ƙoƙon gwiwa. In aka saukar da shi ƙasa da gwiwa, ƙafa za ta fito gajera, kuma in ka zauna zai ciza ka. Auna kewayen gwiwarka tana ɗan lanƙwashe, ka ƙara inci 1 da rabi.

Bakin ƙafa kuwa, kewaye nake faɗi ba faɗin shimfiɗe ba: inci 20 zuwa 22 shi ne na fita yau da kullum. Inci 24 zuwa 26 shi ne babban da ke rufe takalmi ruf, wanda a lokacin ake kwatanta shi da ƙafar giwa. Gajeren mutum kada ya wuce 22.

A wurin yanka, tela ya ja layi a tsakiyar ƙafar wandon daga sama har ƙasa bisa tsayin zaren yadi, ya raba faɗin da zai ƙara daidai wa daida hagu da dama. In ya zuba shi duka a gefen waje, bayan wanki biyu ƙafar za ta murɗe, ɗinkin gefe ya dawo kan ƙauri. Yadi mai faɗin inci 60, yadi biyu ya isa matsakaicin mutum. Mai faɗin 45 sai ka sayi uku. A jiƙa shi a shanya kafin a sa almakashi, saboda auduga tana shiga ruwa ta ragu, kuma a tsayi take fi raguwa.

Buɗe tsohon jins ma yana yiwuwa, samarin lokacin da kansu sun yi haka. Zaɓi miƙaƙƙen jins na auduga zalla, ba mai roba ba. Farke ɗinkin gefen waje daga ƙasa zuwa gwiwa, wajen inci 18. Na wajen ake farkewa domin na ciki galibi naɗaɗɗe ne mai layi biyu, yana da wuyar mayarwa. Warware kalmasar ƙasa ka goge ta. Sai a yanko ƙyalle mai kusurwa uku a cusa a tsagar. Jins mai bakin ƙafa inci 16, ƙyalle mai gindin inci 6 zai kai shi 22. A bar rabin inci na ɗinki a kowane gefe.

Ga inda ake faɗuwa: gefen ƙyallen ne zai yi daidai da tsayin tsagar, ba tsakiyarsa ba. In gefen inci 18 ne, gindin kuma 10, ka yanke gindin a miƙe, tsakiyar za ta gaza da kusan kashi uku cikin huɗu na inci, bakin wandon ya ɗage a wurin kamar an ɓantare shi. Don haka gindin a ɗan zagaye ake yanka shi. Allura lamba 16, in yadin mai kauri ne 18. A kan tsinin kusurwar a maimaita ɗinki sau uku ko huɗu, nan ne yake fara ɓarkewa. Nauyin ƙyallen kuma ya yi kusa da na jins ɗin. Yadi marar nauyi lanƙwashewa yake ya shige ciki, faɗin da ka sha wahala a kansa ya ɓace.

Kalmasa ita ce ta ƙarshe, kuma ba a yin ta sai kana tsaye cikin takalmin da za ka riƙa sawa. Rabin inci tsakanin bakin wando da ƙasa.

Uwar Rini:

Malam Mai Almakashi ya gama da wando, Allah ya ƙara basira. Abu ɗaya zan ƙara masa: in yadin nan mai gashi-gashi da layuka kamar kunyoyin gona za a yi amfani da shi, wato kodiroi, gashinsa gefe ɗaya yake kwanciya. Duk ɓangarorin wandon su fuskanci waje ɗaya a wurin yanka. In aka juya ɗaya don tattalin yadi, gaba zai yi duhu baya ya yi haske, kamar yadi biyu aka haɗa.

Riga matsattsiya ce, ana tsuke ta da ɗinki biyu a baya, a kuma cusa ta cikin wando. Tsinin kwala daga wuya ya kai inci 4 zuwa 5, na rigar yau bai fi 3 ba. Doguwar kwala tana son ƙyallen ƙarfafawa mai kauri a ciki, irin wanda ake mannawa da dutsen guga, in ba haka ba bakinta naɗewa zai yi sama. Ga 'yan mata, ƙaramar riga a kan wandon nan, ko dogon siket har idon sawu, ko doguwar riga mai faɗin hannu da aka tattare a wuyan hannu da roba.

Launi ma yana faɗin shekaru. Na lokacin launukan ƙasa ne: ruwan ƙasa, ruwan goro, rawaya mai duhu, kore irin na ganyen da ya fara bushewa. Masu ƙyalli da ɗaukar ido, ruwan hoda da kore shar, na shekarun 1980 ne. Kana haɗa su da wandon nan ka gauraya zamani biyu.

Foliyesta ita ce yadin da ya yi tashe a lokacin, amma ba na ba ka shawararta. Ba ta shan gumi, tana riƙe wari, kuma dutsen guga mai zafi yana sa ta ƙyalli ko ya narkar da ita. In dole ne, wuta kaɗan, ta bai-bai, da ƙyalle a tsakani.

Rinin ɗauri shi ne mafi sauƙin yi a gida. Farar tishat ta auduga zalla, a wanke ta tukuna don sitacin kamfani ya fita. Zuba kofi 1 na sodar wanki cikin ruwan ɗumi lita 4, a jiƙa rigar minti 20, a matse. Sodar wanki na ce, ba kostik da ake sabulu da ita ba, waccan tana ƙona fata. Shimfiɗa rigar, kama tsakiyarta da yatsu ka yi ta murɗawa har ta dunƙule kamar gammo, ka ɗaure da robar ɗaure kuɗi guda 3 a gicciye, ta rabu gida 6. Garin rini na ruwan sanyi wanda ake yi don auduga, ƙaramin cokali 2 a kofi 1 na ruwa. Sa safar hannu, ɗiga kowane launi a gidansa gaba da baya. Naɗe a leda ya kwana, awa 12 zuwa 24, domin rinin yana kama zare ne muddin da danshi. Ɗauraye da ruwan sanyi kafin ka kwance, sannan ka wanke da ruwan zafi da sabulu.

In ya fito fari-fari, ɗaya cikin uku ne: rigar da foliyesta a ciki, ko an tsallake soda, ko ya bushe kafin lokaci. In ya fito kamar taɓo, launukan da ba sa jituwa ne suka haɗu, ja kusa da kore ko rawaya kusa da shunayya. Launi uku sun isa.

Ɗan Gayu:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode Hajiya. To in na samu na asali a gwanjo fa, ba zai fi ba? Yaya zan gane shi?

Baban Gwanjo:

Riga da wando, e, in ka dace. Takalmi kuwa a'a, zan zo kansa.

Kada ka yarda da lambar da ke jikin tsohon kaya, awon lokacin ya fi na yanzu ƙanƙanta, musamman na mata. Tafi da tef. Shimfiɗa wandon, auna ƙugu ka ninka biyu, auna cinya, auna tsayi. Jins ɗin lokacin ba ya miƙewa, in ya matse ka a wurin gwaji haka zai zauna.

Alamomi kaɗan suna taimakawa. A Amurka daga 1972 aka wajabta liƙa takardar yadda ake wanke tufa, don haka kayan can da ba su da ita, ba kuma yanke ta aka yi ba, mai yiwuwa sun girmi shekarar. Kamfanin Levi's ya fito da wandonsa mai faɗin ƙafa lamba 646 a 1969. Ɗan ƙyallen da ke gefen aljihun baya, in an rubuta sunan da babban harafin E, kafin 1971 ne ko wajen nan. Masu jabu sun san wannan, saboda haka kada alama ɗaya ta ishe ka.

Ɗaga wandon ka duba shi a hasken rana. Tsakanin cinyoyi da bayan bakin ƙafa ne suke fara cinyewa, na biyun saboda jan ƙasa. Ja ɗinki a hankali, in zare yana tsinkewa da ɗan ƙara to ya mutu, sai an bi shi duka da keke. Ja zif sama da ƙasa sau biyar. A riga shinshina hammata, tsohon wari a foliyesta ba kasafai yake fita ba.

Takalmin da ya shekara 50 gam ɗinsa ya bushe, kuma in tafinsa na roba ne mai kumfa, danshin iska ya riga ya cinye shi daga ciki. A ido lafiya lau, ka yi taku ashirin ya ruguje kamar busasshiyar ƙasa. Sayi sabo. Tudun gaba inci 1 zuwa 1 da rabi, dunduniya 2 da rabi zuwa 3. Abin da ƙafa ke ji shi ne bambancin gaba da baya, kada ya wuce inci 2. Tafin ba ya lanƙwasa, don haka a nemi mai igiya ko maɗauri a idon sawu, domin wanda ake zura ƙafa kawai shi ke kawo targaɗe. Kada a tuƙa mota da shi.

Mai Almakashi:

Maganar takalmin nan ta tuna mini. Duk incin da tudu ya ƙara, sai wando ya ƙara shi. Shi ya sa jins ɗin da aka buɗe yakan gaza, ko an warware kalmasa bai fi inci 1 ake samu ba. Maganinsa a ɗora wani ƙyalle mai faɗin inci 2 zuwa 3 a kewaye bakin, irin wanda aka cusa a gefe, sai ya zama kamar ado aka yi da gangan.

Hajiya, a kan foliyesta ban bi ki duka ba. A riga gaskiyarki ne. A wando kuwa, yadin da aka gauraya ta da auduga ya fi riƙe karin guga, kuma wandon nan in ba jins ba ne, karin gaba ne ke tsayar da ƙararrawar.

Uwar Rini:

Na yarda, Malam, in dai audugar ta fi yawa.

Saura suma, ba wanda ya taɓa ta. Afro, wato tarin sumar nan, ba a taje shi a bushe, karyewa yake. A fesa ruwa ya yi laushi, a shafa mai kaɗan, a warware bakin gashin da yatsu. Sannan a sa mataji mai dogayen haƙora daga tushe a ɗaga sama, ba a ja har ƙarshe ba, ana zagaya kai. A daddanna da tafin hannu ya yi zagaye, mai aski ya bi silin da suka fito da almakashi. Gashi yana tsiro wajen rabin inci a wata, kuma nannaɗaɗɗe yana shigewa ya ga kamar bai kai tsayinsa ba, don haka mai son inci 3 a tsaye ya ba shi fiye da wata shida. Da dare a ɗaure da ƙyalle mai santsi, matashin auduga yana shanye man ya kwantar da gefe ɗaya.

Ƙanina, kada ka sa duka rana ɗaya. Wandon da riga mai kwala, ko wandon da tishat ɗin rini. In ka ƙara babban tabarau, to sarƙa da ƙyallen wuya su zauna a gida.