Wai ta yaya tauraron ɗan Adam yake auna iska?

Ɗan Gaya:
Salam 'yan uwa, don Allah ina da tambaya. Kullum masu hasashen yanayi sai su ce iska na gudun kilomita kaza can sama, to iskar da ba a ganinta ta yaya satalayit yake auna ta?

Malam Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ai gajimare yake bi. Meteosat, satalayit ɗin EUMETSAT (hukumar Turai mai kula da satalayit na yanayi), yana can nisan kusan kilomita 36,000 saitin ikwaita, wato layin da ya raba duniya biyu, yana juyawa daidai da juyin duniya shi ya sa kamar a tsaye yake, kuma duk minti 10 ko 15 yake ɗauko hoton Afirka, sai kwamfuta ta kama wani guntun gajimare ta neme shi a hoto na gaba ta ga ina ya koma. In ya matsa kilomita 9 a minti 15 ka ga iskar na gudun kilomita 36 a awa kenan. Tsayin gajimaren kuma daga sanyinsa ake ganewa, gajimaren da ya fi sanyi shi ne ya fi nisa sama.

Ɗan Gaya:
To Malam lokacin hunturu fa da sama take wayam?

Malam Injiniya:
Akwai na'urar da ke ganin tururin ruwa, motsin tururin ake bi. Sannan a 2018 Turawa sun harba wani satalayit, Aeolus, mai auna iska da hasken leza, ya yi aiki har 2023.

Hajiyar Maraɗi:
Wallahi na ƙaru. Na taɓa kallon hotunan nan da damina, hadari yana tasowa ta wajen Chadi yana yin yamma, daidai yadda kakata take cewa in ya haɗo daga gabas a kwashe shanya.