Zolayar 'yan siyasa da malamai: abin da dattawa suka ce

An tafka muhawara a majalisar mai shayi ta ƙauyenmu can wajen Ringim kan samarin nan da bakinsu ya saba da "ai kowa ɓarawo ne, malam da ɗan siyasa duk kanwar ja ce". Ga abin da na tsinta.

Yawanci sun yarda a zolayi ɗan siyasa, don wallahi shi ya jawo, mutumin da ba ka ganinsa sai zaɓe ya matso ya zo da taliya da sabulu da atamfa, amma da ambaliyar 2022 ta cinye gonaki a Jigawa ko ƙeyarsa ba a gani ba. Sai dai wani dattijo ya ce "yaro, in za ka yi, taɓa aikinsa, kar ka taɓa iyayensa", kuma ba'ar kar ta hana ka yankar katin zaɓe kafin 2027, don wanda ya ce duk ɗaya ne ya kwanta a gida shi ya fi yi wa azzalumi aiki.

Batun addini kuwa nan aka ja layi. Malamin da ya karɓi ambulan ya hau mumbari yana tallan ɗan takara a faɗa masa gaskiya, amma aya da hadisi ba abin wasa ba ne, liman ma ya kawo aya ta 11 a Suratul Hujurat da ta hana izgili. Ni abin da ya fi damuna yara ƙanana na zaune suna ji, gobe ka ji su suna maimaitawa a makarantar allo.