Mura ce ko ƙwaya ce ke sakin jiki? Masu aiki a gidajen gyaran hali ku ba ni shawara

Nas, Kano: Assalamu alaikum. Ina aikin jinya a wata cibiyar gyaran halin masu shaye-shaye. Hunturun nan mura ta shigo mana, kafin mako ya zagayo ta kwantar da kusan rabin ɗakin maza. Abin da ke ci mini rai, yaron da ya shigo da ita ni na karɓe shi. Majina, hawaye, hamma, ciwon gaɓoɓi, gumi, sai na ce tiramol ce ke sakinsa, tunda haka mai barin tiramol ko kodin yake yi a kwanakin farko. Sai rana ta uku na auna zafin jikinsa na ga digiri 39, zazzaɓi ke nan. Ku da kuka taɓa shiga irin wannan, yaya kuka yi?

Jami'in lafiya, Kaduna: Wa alaikumus salam Sista. Kada ki ɗora wa kanki laifi, alamun sun yi kama sosai. Mai janyewar ƙwaya za ki ga baƙin idonsa ya buɗe, tsigar jikinsa na tashi, hamma ba ƙaƙƙautawa. Zazzaɓi mai zafi da ciwon maƙogwaro kuwa sun fi nuna ƙwayar cuta. Amma ido ba mudu ba ne, gwaji ke raba gardama. A 2020 da korona ta shigo, sai an ɗauki samfuri an kai ɗakin gwaji a jira kwanaki, kafin sakamako ya dawo ta gama zagaye ɗaki. Yanzu akwai gwajin tsinke a hanci, minti 15 kin gani. Sai dai yakan kuskure a farkon kamuwa, don haka in bai nuna komai ba muna maimaitawa bayan kwana biyu, kuma sabon shiga yana kwana a ɗaki daban kafin nan. Wani abu da muka daɗe ba mu yarda da shi ba: sau da yawa mu ma'aikata ne ke kawo ta. Su suna kulle, mu ne ke hawa adaidaita sahu muna shiga kasuwa. Duk ma'aikacin da ya tashi da mura yanzu, gida zai zauna.

Wanda Allah ya raba da ƙwaya: Anti Nas, ni an taɓa killace ni, bari in faɗi yadda abin yake daga ciki. Kwanana biyu da barin kodin, jikina na rawa, aka sa ni ɗaki ni kaɗai saboda tari. Ana ajiye abinci bakin ƙofa a juya. Wallahi daren nan ba abin da ban saƙa ba, har ƙarfen taga na riƙa jijjigawa ko zai fita. Abin da ya riƙe ni wani dattijon mai gadi ne. Yakan sa takunkumi, ya ja kujera jikin taga ta waje, ya yi ta ja na da hira har in yi barci. Ku killace, ban ce kada ku yi ba, amma a riƙa leƙa mutum, a bar shi ya ji muryar mahaifiyarsa a waya.

Wata uwa, Zariya: Ɗana, Allah ya ƙara shiryarwa. Ni kuma ranar ziyara na je da maganin tari a jaka don na ji yarona da ke cibiyar gyaran hali yana tari a waya. Suka karɓe a ƙofa, raina ya ɓaci, sai daga baya na gane irin kwalbar da ta kai shi can ce. Ruwan ɗumi da zuma suka ba shi, muka gaisa a tsakar gida ƙarƙashin bishiya.

Malamar jinya, Katsina: Sista, kada mura ta ɗauke miki hankali daga tarin fuka. Tarin da ya kai mako biyu a kai kaki gwaji, a asibitocin gwamnati kyauta ne, kada a ce ai hayaƙin wiwi ne kawai. Ku buɗe tagogi da rana ko da sanyi, ku raba gadaje, kowa da kofinsa. Man goge hannu mai sinadarin barasa kuma a aljihun ma'aikaci yake zama, mun taɓa samun wanda ya kwankwaɗe shi. Sabulu da ruwa muke ajiyewa a ɗakuna.

Nas, Kano: Na gode ƙwarai. Mun kwashe kayan sito mun mayar da shi ɗakin sababbin shiga, tagarsa na kallon inda mai gadi ke zama. Mutum biyu masu tsohon tari gobe za a kai kakinsu.