Neman Shawara Kan Sanya Hular Gashi Kullum

Likita ya tabbatar min cewa alopecia ce ta zubar min da gashi, wato garkuwar jikina ke kai wa saiwarsa hari, don haka hular gashi ta zame min dole. Gam ɗin da nake manne gabanta da shi yana sa fatar goshina ja da ƙaiƙayi, musamman idan gumi ya taru a ƙarƙashi. Na koma mai ƙugiya, amma babu gashin da za ta kama, sai zamewa take yi, kullum hannuna na kaina a cikin jama'a don gudun a gane. Don Allah, waɗanda kuka daɗe kuna sanya ta, da me kuke riƙe ta ba tare da gam ba, kuma yaya kuka yi zuciyarku ta daina ɗar-ɗar?