Filtar yashi ko ta katirij? Masbah ɗin yara a Riyad

Baban Husna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masbah ne, wato tafkin wanka, na roba mai ƙafafun ƙarfe, Intex, faɗi santimita 457, zurfi 122, yana cin ruwa wajen lita 16,800. A hosh yake, wato tsakar gida, babu inuwa. Injin tace ruwan da ya zo da shi na katirij ne, wato matatar takarda mai ninki, lita 3,785 a awa. Da an yi ƙura, kwana uku katirij ya toshe, ruwan ya koma kamar kunun kanwa. In sayi filtar yashi ne ko in ci gaba da sayen katirij? In yashin ne, wane girma?

Abu Yasir:
Wa alaikumus salam. Ka ƙara klorin kawai, Alhaji.

Injiniya Jiddah:
Klorin ƙwayoyin cuta da gansakuka yake kashewa, ba ya kwashe ƙura. Baban Husna, lambar da ke jikin kwali ƙarfin injin ne shi kaɗai. Da ka haɗa tiyo da katirij sai ta ragu. A lissafi awa huɗu da rabi zai zagaya ruwanka, a aikace ka bar shi awa takwas. Katirij ya fi yashi kama ƙura mai laushi, shi ya sa yake saurin toshewa. Ka riƙe guda biyu. Cire ɗaya, buɗe ninkin da yatsa, bi shi da tiyo daga sama zuwa ƙasa, ka shanya a inuwa. Ban da burushi, yana yaga takardar. Kamfanin ma cewa ya yi a canza duk sati biyu.

Maman Walid:
Katirij mai harafin A, irin na injin nan, riyal 20 ne a shagunan kayan famfo. Bai kai abin tada hankali ba.

Abu Yasir:
Hajiya, wannan jabu ne. Na gaske ya fi haka tsada.

Maman Walid:
Jabun ma ai ruwa yake tacewa.

Ɗan Kurna:
Kada kowa ya ruɗe ka da filtar yashi, ɗan'uwa. Mai shago zai karɓi kuɗinka, ba zai faɗa maka tiyonta milimita 38 ne, bakin masbah ɗinka kuma 32 ba. Sai ka koma neman adafta, ya ce ta ƙare. Ba zai faɗa maka yashi daban ake saye ba. Ka zuba yashin a busasshen tanki, nauyinsa ya fasa siraran robobin da ke ƙasa, washegari ka tarar da yashi shimfiɗe a gindin masbah. Ka juya hannun bawul injin yana aiki, robar ciki ta tsage, ruwa ya dinga zurarewa ta bututun zubarwa dare da rana. Ka koma, ya ce garanti bai shafi wannan ba. Allah ya isa.

Mai Istiraha:
Ɗan Kurna, duk abin da ka lissafa laifin mai haɗawa ne. Ruwa ake fara zubawa rabin tankin kafin yashi, a toshe bakin bututun tsakiya da leda. Yashin silika lamba 20, ƙwayarsa milimita 0.45 zuwa 0.85. Ƙaramar filtar, mai inci 10, kilo 12 take ci. Kafin a fara tacewa a yi wankin baya, wato a juya ruwa ya bi yashin ta baya ya fitar da datti, minti biyu zuwa uku har ruwan ya fito garau, sannan ɗauraya minti ɗaya. Duk lokacin da za ka taɓa hannun nan, kashe injin tukuna. Allurar agogon matsi ta shiga rawaya, maimaita wankin. Shi ke nan.

Sarkin Zolaya:
Ikon Allah. Muna zaune tsakiyar sahara, a ce mu sayi yashi a buhu. Baban Husna, ba ni buhu in leƙa saharar Sumama nan bayan gari in ɗebo maka kyauta.

Mai Istiraha:
Na sahara ya yi laushi, wucewa zai yi ya dawo cikin ruwa. Na gini kuma akwai laka.

Injiniya Jiddah:
Yashin ma ba ya riƙe ƙura mai laushi sosai. Maganin gaske murfi ne. A rufe masbah duk lokacin da ba a wanka.

Mai Istiraha:
Malam Injiniya, kana Jiddah bakin teku kana koya wa mutanen Riyad ƙura? Masu wanke masbah kullum su ya kamata a saurara.

Injiniya Jiddah:
Wanke masbah daban, sanin lissafinsa daban. Ku ne ke cika ruwa da ƙwayoyin klorin har sinadarin da ke kare shi daga rana ya taru, klorin ya daina aiki, sai a ce filta ce. Ka auna pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya tsaya 7.2 zuwa 7.6, klorin kuma ppm 1 zuwa 3 a ma'auninsa. Kuma kada ka yi odar inji daga Amurka, nasu na wuta mai volt 120 ne.

Maman Walid:
Ni tambayata, ruwan wankin bayan nan ina ake zubar da shi? Ya fita titi, maƙwabta su kira baladiyya, wato hukumar gari.

Ɗan Kurna:
Kin gani ko? Kuma kowane wanki ruwa ne ya tafi, ga rana tana shan nata. Ka ƙarasa da kiran wayit, wato motar tankin ruwa.

Abu Yasir:
Wayit ɗin ma ka tambaya ruwan daɗi ne ko na rijiya. Na rijiya shi ke barin farin dabbare a jikin roba, ya daskarar da katirij kamar dutse. Direba zai rantse maka na sha ne. Ka ɗanɗana kafin ya sauke tiyo.

Baban Husna:
Na gode ƙwarai. To mai inci 10 za ta ɗauki lita 16,800, ko sai mai inci 12?

Ɗan Kurna:
Abu Yasir, ɗanɗanon ma ba ya hana su. Rabin tanki za su kawo su karɓi kuɗin cikakke. Wa ke da lambar direba mai tsoron Allah a kudancin Riyad?