'Yan tumbatsa: sunan da na zaɓa wa "bebi buma"

1/ 'Yan'uwa masu fassara, ina aikin wata maƙala kan yadda marubutan Amurka ke rubuta ƙagaggun labarai da littattafan ilimi don mutanen da suke kira "bebi buma". Kalmar nan ta tsaya mini a maƙogwaro kwana uku. Ga inda na kwana, ku auna mini.

2/ Su ne waɗanda aka haifa daga 1946 zuwa 1964. Da aka gama yaƙin duniya na biyu a 1945, sojoji suka koma gida, aure ya yawaita, haihuwa ta ɓarke. An haifi kusan mutum miliyan 76 a Amurka cikin waɗannan shekaru, a 1957 kaɗai jarirai miliyan 4.3. Clinton da Bush ƙarami da Trump duk haihuwar 1946 ne.

3/ Na fara da "dattawa". Akwai girmamawa, amma kowane zamani da dattawansa, alhali wannan suna na tsara guda ne. Kuma tun suna cikin zanen goyo aka san su da yawa, furfura daga baya ta zo.

4/ "'Yan yawan haihuwa" kuwa ya juya ma'anar: sai a ɗauka su ne suka hayayyafa, alhali iyayensu ne.

5/ "Tsarar bayan yaƙi" ta fi zama mini a baki. Sai dai in ka ce wa ɗan Najeriya "bayan yaƙi", hankalinsa 1970 zai tafi, ƙarshen yaƙin basasa. Dole ka ƙara "na Hitila", sunan ya yi tsawo.

6/ Sai na koma ga ruwa. Ambaliya ɓarna ce, ba na so a jingina ta ga haihuwar ɗan Adam. Amma kogi kan tumbatsa, ya cika ya batse ba tare da ya ci gida ba. Don haka abin da ya faru na kira shi "tumbatsar haihuwa", mutanen kuma "'yan tumbatsa", ɗaya "ɗan tumbatsa" ko "'yar tumbatsa". Mu da muke raɗa wa yaro Anaruwa ko Ɗan'azumi saboda lokacin da ya zo duniya, wannan ba baƙon abu ba ne a harshenmu.

7/ Abin da ya sa na dage kan yawa da lokaci: su ne ginshiƙin maƙalar. Yawansu na daga cikin abin da ya sa maɗaba'u ke buga littattafai masu manyan baƙaƙe da na saurare don idon da ya gaji. Lokacinsu kuma shi ke faɗa wa marubuci abin da zai taɓa zuciyarsu. Manyan cikinsu sun ga kisan Shugaban Amurka Kennedy a 1963, da yaƙin Biyetnam, da saukar mutum a wata a 1969. Na farkonsu sun cika shekara 65 a 2011. Yanzu littattafan ritaya da jinyar miji ko mata da ciwon mantuwa suke nema, da labarin da jarumarsa mai shekara 70 ce kuma har yanzu tana soyayya, ba a ajiye ta a lungu tana ba jikoki tatsuniya kawai ba.

8/ Ga jimlar da na gwada: "'Yar tumbatsa ba ta son littafin da zai yi mata magana kamar marar lafiya." Malamai, ku karanta ta da ƙarfi ku gaya mini ko ta zauna a kunne, musamman ku na Damagaram da Maraɗi, ko "tumbatsa" na da wata ma'ana a wajenku.